Ranar da Malam Haladu Ya Zauna a Kan Mota

Da sunan Allah, wanda ya halicci ƙarfe ya kuma hore shi ga wasu daga cikin bayinsa, muke buɗe wannan tarihi. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali da basira, ku gyara zama ku ji labarin gwarzo ɗan gwarzo jikan gwarzo, Malam Haladu bakanike na unguwar Jabiri a garin Funtuwa. Ɗan Jatau mai gyaran keke, wanda sarƙa ba ta taɓa yi wa gardama sau biyu ba. Jikan Bawa maƙeri, wanda masu ba da labari suka tabbatar cewa idan ya sauke guduma a kan uwar maƙera a Maska, sai kaji su watse a Bakori. Shi ne Sarkin Sufana, jak mai ɗaga tirela da kayanta, baƙin mai mai wuyar fita a riga, na Tabawa mai gane ciwon inji tun motar tana bayan gari. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana rarrafe a ƙarƙashin manyan motoci, har ta kai direban da gingimarinsa ta mace a dajin Tegina ya gwammace ya yi kwana biyu yana shan gari da ƙuli yana jiran Haladu, da ya bar wani hannu ya taɓa masa inji. Babu notin da ya taɓa gagararsa, babu giyar motar da ta taɓa ɓoye masa sirrinta. Abu ɗaya tak ya taɓa kai shi ƙasa, shi ne gwiwarsa ta hagu, wadda ta yi masa tawaye bayan ya haura sittin, ta raba shi da gareji, ta zaunar da shi a gindin bishiyar lemo a tsakar gidansa.

Sai dai wannan sadauki, wanda manyan direbobi ke rusunawa su gaishe shi, yana da mai mulkinsa a cikin gida, kuma ba Hajiya Tabawa matarsa ba ce. Jikarsa ce, 'yar ɗansa Ɗahiru da ke aiki a Fatakwal, yarinya 'yar shekara bakwai mai giɓi a gaba, wadda ke zaune a hannun kakanninta. Sunan mahaifiyar Malam Haladu aka sa mata, don haka mutanen gida ke ce mata Walida, shi kuwa bakinsa bai taɓa iya kiranta da komai ba sai Uwata. Idan ta ce ya sha magani, sai ya sha. Idan ta ce ya rage rediyo, sai ya rage, yana gunaguni a cikin gemu.

Da Babbar Sallah Ɗahiru ya zo mata da tsaraba: bokiti guda cike da 'yan bulo na roba, ja da fari da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowanne da 'yan haƙora a kansa da ramuka a cikinsa, ta yadda idan aka danna wani a kan wani sai su maƙale ƙam, ba siminti ba gam. A ciki har da 'yan tayoyi da gilasai da sitiyari wanda bai fi maɓallin riga girma ba. An haɗo su da wata takarda mai hotuna da ke nuna yadda ake ginin, amma takardar ba ta yi kwana biyu a gidan ba Hajiya Tabawa ta hura wuta da ita, a zatonta shara ce. Wannan bai dami Walida ba. Daga kanta ta riƙa fitar da motoci: yau a-daidaita-sahu, gobe tankar ruwa, jibi motar kashe gobara mai tsani. Shi kuwa Malam Haladu sai ya dubi abin ta saman tabarau, ya taɓe baki, ya ce motar da ba ta shan mai ba ta kuma ɗigar da shi ai ba mota ba ce.

Ana nan sai Walida ta shiga wani gini na sirri. Kwana tara tana yi a bayan ƙyauren ɗaki, kuma ta kafa doka cewa Kaka ba zai gani ba sai ta gama. Ranar Talata da safe ta gama. Ta duba gidan kaf tana neman inda babu mai taɓa mata, ba ta ga wurin da ya kai kujerar kakanta aminci ba, wadda ya ƙera da hannunsa daga kujerar wata tsohuwar tirela, wadda kuma ko kyanwar gidan ba ta yi wa karambanin hawa. Nan ta ɗora motar, ta lulluɓe ta da ɗankwalin kakarta, ta ce mata, "Inna, kada kowa ya buɗe. Ni zan nuna masa in na dawo." Ta rataya jaka ta tafi makaranta.

Ƙarfe takwas daidai gwarzon ya dawo daga majalisar mai shayi, rediyo manne a kunne, hankalinsa duk yana can wata ƙasa da ake ba da labarin ambaliya. Ya tuɓe takalma a gefen tabarma. Ya juya wa kujera baya, kamar yadda ya yi sau dubu goma a rayuwarsa, kuma da yake gwiwar nan ba ta san sauka a hankali ba, sai ya saki dukkan nauyin da Allah ya ba shi lokaci guda.

Ƙarar da ta tashi a wannan sa'a, masana sun yi saɓani a kanta. Wasu sun ce kamar an taka buhun ƙuli ne, wasu sun ce kamar an kifar da kwandon ƙwai. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, bulo ya watsu gabas da yamma, kudu da arewa, wasu suka nufi gindin randa, wasu suka shige ƙarƙashin turmi, shi kuma Sarkin Sufana ya miƙe zumbur da saurin da likitoci suka ce ba zai sake yi ba har abada.

Hajiya Tabawa ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta dubi ƙasa, ta dubi kujera, ta dubi mijinta.

"Inna lillahi! Malam, me ka yi?"

"Zama na yi."

"A kan motar Walida ka zauna. Ta kwana tara."

"To, wa ya ce a yi fakin a kujerata?" in ji shi, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ya aike ta ba.

Nan take aka zauna majalisar yaƙi, mutum biyu, ɗaya a tsaye da ludayi, ɗaya yana shafa mazaunai. Malam Haladu ya gabatar da shawarar farko.

"Sai mu ce agwagwa ce ta hau."

"Agwagwar da muka cinye da Sallah?"

"To, iska."

"Haba Malam! Da girmanka da furfurarka, uwarka za ka yi wa ƙarya?"

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Wai wace irin mota ce ma?"

"Ni dai leƙe ɗaya na yi mata," in ji Tabawa. "Fara ce da ratsin ja, taya shida, da wata ƙofa a baya mai saukowa har ƙasa. Ta ce min taka ce. Wai ranar da muka kai ka asibiti ta ga yadda ka sha wuya kafin ka ɗaga ƙafa ka shiga motar haya, har sai da mutum biyu suka tallafe ka. Shi ne ta ce za ta yi maka wadda ƙofarta za ta sauko ta same ka, ka taka ka shiga abinka, ba mai riƙe ka."

Malam Haladu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, ko da yake babu abin da ya same su. Ashe yarinyar ta gani. Ranar nan ya yi ta barkwanci da direba don kada kowa ya lura da kunyar da ta kama shi, ashe akwai ido ɗaya da barkwancin bai rufe ba.

Ya mayar da tabarau. Ya ɗaga kai ya dubi rana, kamar yadda jagoran runduna ke duban ta kafin ya ba da umarnin hawa, ya ce da murya mai girgiza ganyen lemo, "Ƙarfe nawa take dawowa?"

"Biyu."

"Tabawa, ɗauko min akwatina!"

Aka fito da akwatin ƙarfe mai tarihi, wanda ya ga Jebba ya ga Mokwa, aka buɗe shi ya yi ƙara irin ta tsohon da aka tasa daga barci. Sufanu suka jeru a kan tabarma daga ƙarami zuwa babba, ga filaya, ga sukundireba, ga guduma gadon Bawa. Sannan gwarzon ya fita tattaro rundunar da ta watse, yana bin lungu da saƙo da farantin tuwo a hannu. A cikin wannan sintiri ne, ya ku masu sauraro, aka yi masa raunin farko. Wani ɗan bulo ja mai haƙora huɗu, wanda ya yi kwanton ɓauna a bakin rijiya, ya tari tafin ƙafarsa ta dama, mai lafiyar, ya nutse a ciki da dukkan ƙiyayyar da ke zuciyarsa.

"Wayyo Allah! Wayyo ƙafata!"

Mutumin da injin tirela ya taɓa danne wa yatsa bai ce uffan ba, yau ga shi yana tsalle da ƙafa ɗaya, kuma marar lafiyar, yana zagaya rijiya. Tabawa ta juya baya tana duban tukunya, kafaɗunta suna rawa.

Da aka gama tattarawa, sai ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, ya ware mayaƙan bisa ƙabilunsu, farare a nan, jajaye a can, ya fara da abin da kowane bakanike na ƙwarai ke farawa da shi, wato ƙashin mota, gindin da komai ke hawa kansa. Nan ya ci karo da abokan gaba na biyu: wasu faifai guda biyu, sirara kamar ɓawon albasa, waɗanda nauyinsa ya haɗa su aure na har abada, alhali yana bukatar ɗaya daga ciki. Ya sa farce, farcen ya lanƙwashe. Ya sa haƙori, sai ya tuna ragowar haƙoransa ba su da yawan da zai yi caca da su. Ya ɗauko filaya ya damƙe, ya ga robar ta fara fari tana shirin tsagewa, ya saki da sauri. Ya dubi guduma, guduma ta dube shi, suka fahimci juna cewa wannan ba yaƙinta ba ne. Rabin sa'a cur ana gwabzawa, gumi yana ɗiga daga gemu, kafin Hajiya Tabawa ta zo wucewa da wuƙar yankan kuɓewa, ta karɓa, ta zura bakin wuƙar a tsakani, ta ɗan murɗa. Suka rabu. Ta miƙa masa ta koma kan kuɓewarta.

Wajen ƙarfe goma aka yi sallama. Sidi Mai-Tanka ne, tsohon direba, amininsa kuma abokin gardamarsa na shekara talatin, wanda ke zuwa kullum su buga dara. Ya tsaya a bakin zaure ya ga Sarkin Sufana zaune cikin kayan wasan yara, harshe a waje, yana ƙoƙarin kama wani abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba da yatsun da suka yi kaurin rogo.

"Haladu, lafiya? Ko abin ya fara taɓa kai ne?"

"Ka zauna ko ka koma. Aiki nake."

Da aka ba shi labari, Sidi ya yi dariya har ya zauna ba shiri. Amma da ya ji zancen ƙofar, sai ya share hawaye, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Miƙo min tayoyin nan. Ku bakanikai ba ku san taya ba, mu muka san ta."

Ya ƙirga. Biyar.

"Shida ne," in ji Tabawa daga madafa.

"Hajiya, biyar ne a nan."

Aka busa ƙahon farauta. Dattawa biyu, waɗanda idan aka haɗa shekarunsu sun doshi ɗari da arba'in, suka bazama neman taya ɗaya mai faɗin kwabo. Suka kawar da randa. Suka kifar da turmi. Sidi ya zura hannu a makwarara har kafaɗa, ya fito da cokalin da ya ɓace tun bara da wani abu da ba a ambata a littafin tarihi. Suka tsare kazar gidan a kusurwa suka yi mata kallon tuhuma, ita ma ta yi musu nata, aka rabu ba wanda ya amsa laifi. Rana ta take tsaka, inuwar lemo ta tsuke, taya ba ta bayyana ba.

"Kasuwa zan tafi," in ji Malam Haladu. "Ko a ina ake sayar da irinta sai na nemo."

Ya zura ƙafa a takalmi.

"Wayyo! Ga ta!"

Ashe tun ƙarfe takwas maƙiyiyar tana kwance a cikin takalminsa, tana sauraron duk abin da ake yi.

Daga nan yaƙi ya juya. Tayoyi shida suka hau, bango ya fara tashi, fari da ratsin ja kamar yadda mai shaida ta faɗa, Sidi yana miƙo bulo yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, Haladu yana dannawa yana ce masa ya yi wa mutane shiru. Da aka kira azahar suka je suka yi salla suka dawo da sauri irin na masu tsoron kada a ci garinsu a bayansu. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci aka ɗora rufi. Sidi ya ce a matsayinsa na direba, haƙƙinsa ne ya gwada ta a hanya. Ya ɗora yatsa biyu a bayanta, ya yi "Bismillahi," ya tura ta a kan siminti.

Ta yi tafiyar taku ɗaya cikin alfarma da ƙasaita. A taku na biyu ta haɗu da wani ɗan tsagi a simintin, sai bangon dama ya yi sallama da na hagu, rufi ya rufta ciki, gaba ta ci gaba da tafiya ita kaɗai da taya biyu har ta daki ƙafar turmi.

Ko kazar ba ta motsa ba.

"Gam," in ji Sidi a hankali. "Akwai mai ƙarfi a shagon bakin titi. Ɗigo uku, ko jikokinta ba za su raba ta ba."

Marubucin wannan tarihi ba zai ɓoye ba, zuciyar gwarzon ta karkata. Ya dubi rana, ya dubi tarkacen, ya ji gwiwa tana zugi. Amma sai ya tuna yadda yarinyar ke zama da yamma tana ɓalle tankar ruwa ta mayar da ita motar gobara, tana waƙa. Ya girgiza kai.

"In na sa gam na kashe mata bulo. Na zauna a kan mota, ba zan kuma zauna a kan bokitin gaba ɗaya ba."

"To, ya za ka yi? Saura minti arba'in."

Tabawa ta leƙo. "Ni fa na ga ba haka take jera su ba. Ku kun ɗora ɗaya a kan ɗaya kamar kwanukan jere. Ita sarƙa su take yi, ɗaya ya hau kan biyu, yadda magina ke yi."

Malam Haladu ya dube ta ta saman tabarau. Shekara arba'in da ɗaya a cikin ƙarfe, kuma sai yau za a koya masa aiki daga bakin murhu. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "Ai abin da nake shirin yi ke nan."

Abin da ya biyo baya, ba a taɓa ganin irinsa ba tun da aka kafa unguwar Jabiri. Yatsun nan masu kaurin rogo suka tuno ƙuruciyarsu, bulo yana hawa kan bulo ɗaya bisa biyu, bango yana tashi yana riƙe ɗan'uwansa, Sidi ya daina surutu ya koma miƙo kaya kamar mai taimaka wa likita a ɗakin tiyata, har aka iso ga babbar ganuwa, wato ƙofar baya. Ya manna ta a tsaye, ta ƙi sauka. Ya manna ta a kwance, ta ƙi tashi. Ya bar ta sake, ta faɗi. Saura minti goma sha biyar. Sai ya daina kallon abin a matsayin kayan wasa, ya rufe ido ya tuno ƙofar bayan gingimarin shanu, yadda take rataye a gindinta tana juyawa a kan sanda. Ya buɗe ido ya tona farantin, ya tsinci wani ɗan bulo mai siririyar sanda a gefe, da wasu biyu masu baki kamar na ƙaguwa, waɗanda tun safe yake ture su gefe don bai ga amfaninsu ba. Ya kafa masu bakin a gindin mota. Ya manna mai sandar a gindin ƙofa. Ya haɗa su ya danna.

Ƙyas.

Ya sa ɗan yatsa ya taɓa. Ƙofar ta sauko a hankali, cikin ladabi, ta kwanta a ƙasa. Ya ɗaga ta, ta koma ta rufe.

"Allahu Akbar!" in ji Sidi, ya wurga hula sama. "Sarkin Sufana! Na Tabawa ba ka da na biyu!"

Tabawa ta saki guɗa ɗaya gajeriya, ta yi sauri ta toshe baki saboda maƙwabta. Aka ɗora motar a kan kujera, aka lulluɓe ta da ɗankwali, aka tura akwatin sufanu ƙarƙashin gado. Wasu 'yan bulo bakwai da suka rage ba a san mazauninsu ba, Malam Haladu ya zuba su a aljihu. Dattawan biyu suka baje dara a tabarma suka ɗaure fuska irin ta mutanen da tun safe ba su yi komai ba.

Ƙarfe biyu da minti biyar Walida ta yi sallama. Ta gaida Inna, ta gaida Baba Sidi, ta yar da jaka, ta kama hannun kakanta ta ja shi gaban kujera.

"Kaka, rufe idonka. To, buɗe!"

Ta yaye ɗankwalin. Murmushinta ya tsaya a inda yake. Ta sunkuya ta dubi motar ta gaba, ta zagaya ta dube ta ta baya, ta ɗaga ta ta leƙa ƙarƙashinta, sannan ta ɗago ta dubi manya uku ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya taɓa min?"

Sidi ya sami wani abin sha'awa a cikin ramukan dara. Tabawa ta tuna ta bar miya a wuta. Aka bar gwarzon shi kaɗai a fagen fama, gaban mai shekara bakwai.

"Uwata, ni ne. Ban gani ba, na zauna a kanta. Ta wargaje duka. Shi ne na sake haɗawa."

"Ka zauna a kanta? Da duka jikinka?"

"Da duka."

Leɓenta ya fara rawa, shi kuma ya ɗauka kuka ne. Sai ga dariya ta ɓalle ta cikin giɓin nan, har tana riƙe ciki. Da ta lafa, ta sa yatsa ta taɓa ƙofar baya. Ƙofar ta sauko ta kwanta. Ta mayar, ta sake saukewa, har sau uku.

"Kai! Tawa ba ta yin haka. Tawa cire ta nake yi in ajiye a ƙasa. Kaka, kai ka yi wannan?"

Malam Haladu ya gyara tsayuwa, ƙirjinsa ya cika riga, ya ji jinin Jatau da na Bawa yana yawo a jikinsa. Ya yi gyaran murya zai fara bayani a kan ƙofar gingimarin shanu.

"Amma ina direba zai zauna?" in ji ta. "Babu kujera. Ina sitiyarin? Kuma ka toshe gaban da bulo, ta ina zai ga hanya?"

Sidi Mai-Tanka ya kifa fuska a cikin hula. Sarkin Sufana ya zura hannu a aljihu a hankali, ya fito da bulo bakwai ɗin nan ya buɗe tafi. Ga sitiyari, ga kujera, ga gilashin gaba.

"Ba komai," in ji Walida cikin tausayi. "Ka yi ƙoƙari. Bari in gyara."

Ta zauna a tabarma ta tanƙwashe ƙafa. Kafin Tabawa ta gama zuba abinci, aikin sa'a shida, wanda aka zubar wa gumi aka kuma ji rauni biyu a kansa, ya koma tarin bulo a cikin faranti. Ƙofar kaɗai ta bari a haɗe. Ita ta ɗauka ta ɗora masa a tafin hannu.

"Riƙe min wannan, kada ta ɓata. Kuma a nan ƙasa za ka zauna inda nake ganinka. Kada ka tashi sai na ce."

Haka rana ta karkata a kan ɗan Jatau jikan Bawa, yana zaune a gefen tabarma da hannu a miƙe, ɗauke da ƙofa mai girman akwatin ashana, shinkafa da wake tana hucewa a gabansa ba hannun ci. Can Tabawa ta ce, "Walida, ki bar shi ya ci abinci mana."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Ya ci da cokali a ɗaya hannun."

Aka kawo masa cokali.